Furen Maman Tony Ya Kwana Da Kifi

Ranar auren Promise, 'yar wani dattijon coci a nan Gwarzo, amarya ta shigo tana taku ɗaiɗai da damin fure a hannu, ƙudaje na biye da ita kamar an yanka akuya. Ba ta kai gaban fasto ba zuciyarta ta fara tashi. Ta danne, ta ƙara dannewa. Da aka ce a sunkuya a yi addu'a, hancinta ya nutse cikin furen, sai ga kunun da ta sha da safe a kan takalmin ango. Matan kujerun baya suka shiga zungurin juna suna ƙirga watanni da yatsa, alhali baiwar Allah ba abin da take ɗauke da shi sai furen da Maman Tony ta haɗa mata.

Maman Tony, ainihin sunanta Judith, mutuniyar wajen Vom ce a Filato. Ta biyo mijinta Malam Davou da aka kawo shi koyar da lissafi, tun ɗansu Tony yana goye. Albashin malami a shekarun tsuke bakin aljihu ba ya kai tsakiyar wata, don haka ta kama sarin dankalin turawa daga gida. A motar dankalin nan furenta yake zuwa duk lokacin da za a yi aure a cocinsu, an naɗe shi a jiƙaƙƙiyar jarida. Mutanen unguwa sun daɗe suna mamakin mace da hankalinta tana ririta abin da ba a miya da shi.

Amma a faɗi gaskiya, ta iya abinta. In fure ya iso ranar Juma'a, sai ta yanke gindin kowane kara a karkace da sabuwar reza, ta tsige ganyen ƙasa don kada ya ruɓe, ta jera su a bokiti da ruwan randa da ƙwayar sukari biyu. Daga nan ta kai ɗakin ƙasa na Inna Marka, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su, ta ajiye a gindin randa, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Gari na wayewa furen ya miƙe kamar yanzu aka tsinko shi. Shekara goma sha ɗaya ita ke yi wa cocin kwalliya, kuma da wannan take taƙama fiye da dankalin.

Auren Promise ya faɗo a tsakiyar bazara, zafin da kaza ke yawo baki buɗe. Furen ya sauko daga mota kai a langaɓe. Tana tsaye tana salallami irin nasu sai ga Martins. Shi Martins ɗin da gidan giya gare shi a bayan gari. Da Shari'a ta zo ya wanke kwalabe ya koma sayar da kifin ƙanƙara, firjin dai shi ne na da.

"Madam, wace randa kuma a wannan zamani?" in ji shi. "Kawo su firjina. Ina da inji."

Inna Marka ta leƙo ta katanga. "Uwar Tony, can ɗin ba kifi yake tarawa ba?"

"A kwali suke, Inna, a daskare. Abin da ya daskare ai ba ya ƙarni," in ji Maman Tony.

"To. Randata dai ba ta taɓa ba ki kunya ba."

Maman Tony ta kwashi bokiti huɗu ta bi Martins. Wuta kuwa kwananta tara ba a gan ta ba, fetur sai a galan a bayan fage. Inji ya shanye ɗan abin da aka zuba masa ya yi shiru. Da safe da aka ɗaga murfin firji, Martins da kansa sai da ya ja da baya. Kwalayen kifi sun narke sun saki jiki, wani ruwa mai yauƙi, jini-jini, ya tsiyaye cikin bokitan. Furen ya kwana yana sha, ya yi ɓul-ɓul, ya fi kullum kyau.

Wata da zubarwa za ta yi. Ita kuwa ta ja su bakin rijiya ta yi musu wanka uku, ta karɓo humrar Inna Marka ta yayyafa. Ƙarni da humra suka haɗu suka haifi abin da ba shi da suna. Hancinta ya riga ya saba, ta shaƙa ta ce ai ya fita. Sauran labarin yana kan takalmin ango.

Sati biyu ba ta fita da dankali ba. In ta gifta, sai ka ji wata daga cikin gida tana tambaya ko akwai mai sayar da fure, miyarta ba kifi. Uwar Promise ta daina amsa gaisuwarta, don har yau akwai masu ƙirga watannin.

Sai ga auren 'yar fasto ya matso. Matan zumunta na coci suka zo har tsakar gidanta, matar fasto a gaba, wai a yi shawara cikin ƙauna. Shawarar dai ita ce a karɓe kwalliyar coci a ba Emily, mai ɗinki, wadda ta sayo furen roba buhu guda a Sabon Gari tun bara, tana ba da shi aro a kowace hidima.

"Ba don komai ba, Maman Tony," in ji Emily tana toshe hanci da gefen gyale, ko da yake ba abin da ke wari a gidan. "Nawa ba ya son firji, ba ya son randa. Kuma bai taɓa sa amarya amai ba."

Matar fasto ta gyaɗa kai. Maman Tony ta ci gaba da tsince ruɓaɓɓen dankali daga buhu, ba ta ko kalli Emily ba.

"Gaskiya ne, Mama, nawa ya kwana da kifi, na kuma zubar da shi bayan biki," ta ce wa matar fasto. "Ki tambayi Emily nata da wa ya kwana. Farin damin da ta ɗora kan akwatin gawar tsohon nan da muka binne wancan watan, ba shi za ta karkaɗe ta miƙa wa 'yarki ba?"