Kabarin Inna a Bakin Teku

A gidan wata tsohuwar Baturiya da nake jinya a unguwar Irving Park, a nan Amurka, na fara jin cewa teku yana tasowa ne da gaske, ba fushi yake yi ya huce ba. Tana da wani gida a gaɓar tekun jihar nan, kuma ɗanta ya zo da taswira ya shimfiɗa a teburin cin abinci yana nuna mata inda ruwa zai kai. Ya ce masu inshora sun fara ja da baya, gara a sayar tun da sauran daraja. Tsohuwa ta yi 'yar ƙwalla, ta sa hannu a takardar sayarwa, ta ce in kawo mata shayi. Ina tsaye da faranti, sai na tuna da gida.

Ni 'yar zango ce a gaɓar tekun Ghana. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga arewa suka zauna, masu gari suka ba su aron yashin da ba wanda yake so, can dab da ruwa. An ce baƙo raɓa ne, to mu tamu raɓar ta kwana har jikoki. A wannan yashin muka yi gidaje, a nan maƙabartarmu take, a nan muka sa Inna, mahaifiyarmu.

Ina tashi daga aiki na kira yayana, wanda shi ne babba a gida. Na zuba masa duk abin da na ji, har da ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. Ni da ko firamare da ƙyar na gama, sai ga ni ina lacca.

Ya yi dariya ya ce, “Hajiya 'yar Amurka, yanzu kuma teku kike karanta mana? Yakan zo ya koma, tun muna yara.”

Na ce, “Yaya, wannan karon ba zai koma ba. A ɗauke Inna a kai ta kan tudu. Na tambayi malami a masallacinmu na nan, ya ce in ruwa zai ci kabari, ya halatta.”

Ya ce a zangonmu ba a taɓa tone mamaci ba, kuma ba shi zai fara da uwarsa ba. Na yi fushi, na ce masa rashin sani ya fi dare duhu. Sai ya ce, “Kina ganin ban sani ba? Rijiyar gidanmu ta zama gishiri. Kwakwar da kika hau kina yarinya tana cikin ruwa. Tudun da kike faɗa na masu gari ne, na je har fada na durƙusa, aka ce masu rai ma ba su samu ba. In na yarda da maganarki, ina zan kai ta? Ki bar ni da yakan koma ɗin.”

Ban sake tayar da zancen ba. Na ci gaba da tuƙa motata daga McLeansville, inda nake zaune, zuwa aiki, ina wanke tsohuwa, ina sauraron ɗanta yana murnar sun sayar a kan kari. Ban ji haushinsu ba, wallahi, mutanen kirki ne. Baƙin ciki dai na ji, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa.

Da damina ta zagayo, matar Yaya ce ta kira ni ina cikin ninke kaya. Ta ce igiyar ruwa ta shigo ta kwashe layin maƙabarta na gaba duka, har da kabarin Inna. Maza sun bi gaɓa suna dubawa, ba su sami ko ƙyallen likkafani ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ranar da ta rasu.

Na ce ta ba ni Yaya. Ta ce ba ya iya magana tukuna, kuma ya rame.

Na ce, “Ba ya cin abinci ne?”

Ta ce, “Yana cin tuwo gaya. Kin san mu nan ba mu da wani nama sai kifi. Ya ce kada a ƙara sa masa a kwano, bai san abin da kifin ya ci ba.”