Taku Na Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da biyu ke nan Baba Mai Awo yana riga mai shara isa ofishin ƙaramar hukumarmu. Ya jingine kekensa a gindin taga, ya rataya igiyar awo a wuya, ya bi magudanan ruwa yana leƙe kamar wanda ya yar da allura. Shi ne shugaban ma'aikatan gyaran hanya, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Wanda bai san shi ba ya tambayi Inna mai ɗinki. Gidanta na bakin babban titi, a shekarun baya kuwa kwalbatin titin ta toshe, duk damina sai ruwa ya cika mata ɗaki. Bango ɗaya har ya tsage. Ta kai kuka wurin shugaban ƙaramar hukuma, ya ce, "Inna, titin nan na gwamnatin sama ne. Ko shebur muka sa sai an tuhume mu." Takarda bakwai aka aika can sama, shiru kake ji.

Abin ya tsaya wa Baba a rai. Ya sami shugaban ya ce, "Ranka ya daɗe, titin nasu ne, na yarda. To nasun a ina ya ƙare?"

Ya tono tsohuwar taswira, ashe iyakar nasun taku goma ne daga bakin kwalta. Ya auna, ya kafa turke a na goma sha ɗaya, ya ce wa mutanensa, "Daga nan namu ne. Ku kawo diga!" Kwana tara suna haƙa magudanar da ta zagaye gidan ta faɗa rafi. Wani ya ɗan zarce turken, Baba ya sa shi mayar da ƙasar. "Ko tsakuwarsu kar a taɓa."

Makon jiya, bayan shekara shida, amsa ta iso: wai za a turo masu dubawa. Inna ta yi dariya har da tafi. "Su zo mana! Ɗakina a bushe yake, ga tabarma."

Baba, kai ne ka san inda ikonka ya tsaya, amma ba ka taɓa fakewa da shi ba. Wallahi mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da ya bari a ofis, kafin ku ce wa mai kuka "ba huruminmu ba ne", ku fita ku auna tukuna.