Randunan da Kaka ta Binne

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da muka tona ɗakin kakata. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, muna zaune a wani ƙauye bakin ruwa, kusa da Wara.

Kaka tana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Duk lokacin girbi sai ta shanya gero ya bushe ƙarau, ta gauraya shi da toka, ta ɗura a randa, ta liƙe bakin da laka da kakin zuma, ta binne a tsakar ɗakinta. Nakan tsokane ta in ce, “Gafiya, an fara ajiyar?” Ita kuwa sai ta ce, “Yi ta dariya, mijina. Ni ruwa ya taɓa ci ma gari, ba kai ba.”

A waccan shekarar ruwa ya yi ambaliya. Rumbunanmu na laka suka narke muna kallo, muka gudu kan tudu. Abinci ya ƙare. Inna tana goyon ƙanwata, nono ya ƙafe, jaririyar ta yi kuka har muryarta ta daina fita. Wallahi na tsorata ƙwarai.

Da ruwa ya ja zuwa gwiwa, Kaka ta sa Baba ya kai mu kangon gidan a kwalekwale. Ta auna da sandarta daga gindin tsamiya, ta ce, “Ku tona nan.”

“Abin da yak kwana cikin ruwa ai ya ruɓe,” in ji Baba.

“Tona dai, ɗan nan. Mi kaka jira?”

Muka yi ta kwasar taɓo da hannu har muka ciro randa, baƙa ƙirin. Baba ya fasa bakin da wuƙa, ya zura hannu. Sai ga gero yana zuba ta tsakanin yatsunsa, a bushe, har da ƙurar toka! Baba ya yi ta salati, hawaye na bin fuskarsa.

Kunun farko Inna aka ba. Kashegari na ga ƙanwata tana tsotso har da lumshe ido. Yau ita ma tana da 'ya'yanta.

Abin da na koya shi ne, ranar da ka ƙoshi ita ce ranar tanadi, domin yunwa ba ta yin sallama. Har gobe ba na taɓa sabon hatsi sai na ware na ajiya.