Kifin Da Ƙuda Ya Ƙi Sauka A Kansa

Ni 'yar masunta ce, kuma matar masunci, a wani ƙauye na bakin kogi tsakanin Auyo da Haɗeja. Ban yi boko ba. Matar ɗana ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta rage komai don ta rufa mini asiri. Lokacin da abin nan ya faru na fi shekara arba'in ina bandar kifi. Dillalan kasuwar Haɗeja ba sa buɗe kwandona su duba. Da an ce nawa ne, sai ciniki. Da wannan nake taƙama, kuma har gobe ban ce ƙarya ba ne.

Shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa, gari ya zauna ba aikin yi, sai wata ƙungiya ta turo a koya wa mata sana'ar banda irin ta zamani. Malamar 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ga ta da ciki wata bakwai, amma kullum sai ta hau babur daga Haɗeja, ta shiga kwale-kwale ta ƙetaro mana. Mama take ce mini, har ƙasa take gaishe ni. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na shiga ajin ne don in ga yadda yarinyar da ba a haife ta a bakin ruwa ba za ta koya mini kifi. Ta nuna mana wanke kifi da ruwan gishiri, da murhun ganga mai raga hawa uku, da yadda ake ɗaurewa a leda. Abu ɗaya ta fi nanatawa: kada a yayyafa wa kifi fiya-fiya, maganin ƙwarin nan da wasunmu ke sawa don kada tsutsa ta shiga kwando. Ta ce kifinmu zai zama wanda mutum zai buɗe leda ya ci nan take, ba sai an wanke ba. Na ce mata a gaban kowa mun daɗe muna yayyafawa, ta nuna mini kabarin wanda ya mutu. Ta yi murmushi, ta ce wancan yakan daɗe a kwando, a wanke shi da ruwan zafi kafin ya shiga miya, duk da haka yana cin mutum a hankali. Matan suka gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ya tsaya mini a rai.

Aka sa ranar da kowace za ta kawo nata a gani. Na ƙi taɓa gangar, na yi a tsohon murhuna. Sai aka kwana uku ana ruwa, itace ya jiƙe, tarwaɗar ta bushe a waje, ciki kuwa da saura. Ana gobe za a kai, da la'asar, na ga tsutsa a kan guda biyu. Da na je na ce nawa ya lalace, ba wanda zai doke ni. Amma sai na hango yaran da na goya suna riƙe da nasu mai kyau, ni ina tsaye hannu sake. Na ɗauko kwalbar fiya-fiya daga bayan randa na yayyafa, na kuma zuba fiye da kima. Na sake turara shi da hayaƙi don warin ya ɓuya.

Washegari aka jera farantai a gindin dalbejiyar ƙofar mai gari. Ƙuda ya taso ya baibaye na kowa, mata suna ta kore da gefen mayafi. Nawa kuwa yana ta sheƙi, ko ɗaya bai sauka ba. Matar ɗana ta kalli farantin, ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Malamar ta ɗaga tarwaɗata sama, ta ce kowa ya ga aikin wadda ta haɗa daɗewa da sabon ilimi, mata suka yi mini guɗa. Sannan ta ce tun safe abin da ke cikinta kifi yake nema, ta ɓantari tsoka ta kai baki. Ina kallo.  Na ce a raina loma ɗaya ba ta komai. Ta ƙara ta biyu, ta uku, tana lasar yatsa, guɗar nan kuma tana mini daɗi a kunne, Allah ya yafe mini. Sai da ta miƙa farantin a zagaya da shi wurin mata masu goyo, na tashi na kaɓar da shi ƙasa, na faɗi abin da na yi.

Ba ta zage ni ba. Ta ce a kawo kwalbar don likita ya gani, ni da kaina na ruga na ɗauko. Muka isa bakin kogi, mai kwale-kwale yana can ƙetare, muna ta ɗaga masa mayafi. Kafin ya iso gumi ya rufe ta, yawu na zubo mata, ta fara amai. A tsakiyar ruwa ta dafe ciki, ta ce ɗan ya daina motsi. Ban taɓa sanin kogin nan yana da faɗi haka ba. A asibiti na zauna a ƙasa bakin ƙofa da kwalbar a cinyata. Mijinta ya zo ya wuce ni sau uku. Sai washegari da hantsi wata nas ta leƙo ta ce an ji bugun zuciyar ɗan, uwar kuma tana nemana.

Na shiga na tsaya daga nesa. Ta dube ni ta ce, "Mama, lokacin da na kai lomar farko baki, kina kallona?"

Na ce, "Ina kallonki, 'yar nan."

Ta juya fuska bango. 

Ta haihu lafiya, namiji. Ƙungiyar ta turo wani ya ƙarasa mana karatun, matan garinmu yanzu da gangar suke ci da 'ya'yansu, ni ma da ita nake yi. Na aika mata kifi ranar suna, an ce ta karɓa ta yi godiya, amma ban sani ba ko ta bari an ci, kuma ba ni da ikon tambaya.

Abin da ya fi ci mini rai ba yayyafawar ba ce, loma ukun nan ne da na ƙirga bakina a rufe. 'Yan'uwana tsofaffin masu sana'a, in yaro ya zo da abin da ba ku sani ba, saurarensa ba ya rage muku shekara ko ɗaya. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun kafin wani ya kai hannu. Ku kuma masu saye, in kun ga kwandon kifi a kasuwa yana sheƙi, ƙuda na kewaye shi ya ƙi sauka, ku wuce, ko da nawa ne.