Gaisuwar Indo

A bakin kasuwar Gazawa, daura da buron da aka kafa wa sabuwar tutar ƙasa, wata tsohuwa mai wushirya tana zaune da faifan ƙuli-ƙuli. Jikarta Indo tana gefenta, tana kaɗa yatsu a gaban idanunta, ba ta kallon kowa. Haka ɗiyata Balkisu take kafin rasuwarta. A jami'ar Dakar na karanta cewa likitoci sun fara gwada koya wa irin waɗannan yara magana ta hanyar ba su lada.

Tsohuwar dai gaisuwa take son yarinyar ta iya, ina jin don mutane su daina cewa aljanu ne. Duk sanda Indo ta ce wa wani "sannu", sai ta sami gutsuren ƙuli.

Ga wani jaki ya zo wucewa.

"Sannu," in ji Indo, ta miƙa hannu.

"Ke 'yar nan, jaki ne fa!" Tsohuwar ta tuntsire da dariya, amma ta ba ta.

Na matsa kusa da faifan.

"Sannu, jaki," in ji Indo.

"Wayyo Malam, ka yi haƙuri!"

"Inna, ƙara mata babba," na ce. "Kalma biyu ta haɗa."