Babu Mai In'ina a Unguwar Nan

Ni da in'ina na tashi. Ba irin 'yar sarƙewar harshen nan da ke kama kowa in ya ga ɗan sanda ba. Tawa in ta riƙe ni a kan kalma, sai ka je ka sha ruwa ka dawo ka same ni inda ka bar ni. A gidanmu kuwa ba a jiran magana. Umma mace ce da ba ka samun bakinta a rufe sai in tana cikin salla, don haka da na buɗe baki take ƙarasa mini. In ta dace, to. In ba ta dace ba, haka nan zan karɓi abin da ban roƙa ba. Na shiga firamare ban taɓa kai zance ƙarshensa da bakina ba, kuma wannan ya fi dariyar yara ci mini rai.

Muna zaune a gidan haya a Kurudu, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Farar hula sun dawo mulki, Abuja sai gini take yi, Baba da ya baro Katsina ya buɗe shagon siminti ba ya ko samun zama. Ana nan sai mai unguwa ya aiko cewa wata malamar jami'a za ta zo sauraron yadda yara ke magana, wai bincike take yi. Kafin labarin ya zagaya layinmu ya dawo, ya yi ƙiba. Wasu suka ce masu zaƙin baki za a zaɓa a sa a talabijin. Wasu suka rantse karatu ne kyauta a ƙasar waje.

Sai gida ya koma makaranta. Maƙwabciyarmu mai sayar da abinci, 'yar kudu ce, ta tsare ɗanta da haddar jihohi da manyan biranensu. Umma ta sa an rubuta wa yayana jawabin maraba da Turanci. Ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki, amma hakan bai hana ta yi masa gyara ba.

Ranar da baƙuwa za ta zo, Umma ta soya cincin faranti guda, ta yi mini wanka, ta shafe ni da mai, ta kai ni ɗakin baya ta zaunar.

"Ki yi mini gadin cincin ɗin nan," in ji ta. "Kin san baƙi ba su da haƙuri."

Na gane sarai ɓoye ni take yi. Yau na san tsoro take ji kada a yi mini dariya a gaban baƙuwa, amma a ranar zafi kawai na ji, na zauna ina leƙe ta kafar ƙofa.

Malamar ta zo da 'yar rakoda da hotuna. Ta nuna wa ɗan maƙwabciya hoton kyanwa, ta ce, "Mene ne wannan?" Yaro ya ƙame kamar soja, ya kama jero jihohi, bai numfasa ba sai da ya dire a babban birnin tarayya. Ta nuna wa wata yarinya hoton kofi, yarinya ta rera mata taken ƙasa. Yayana ko hoton bai jira ba, ya yi mata maraba da Turanci, ya manta tsakiya, ya koma farko. Iyaye sai tafi suke yi, baiwar Allah kuwa sai duba agogo.

Daga ƙarshe ta kashe rakodar ta ce, "Iyayena, yaranku sun burge ni. Amma ni yaran da magana ke yi wa wuya nake nema. Babu mai in'ina, ko wanda ya yi jinkirin buɗe baki?"

"Subhanallahi!" in ji Umma, ita ce ma ta fara. "A unguwar nan? Babu."

"God forbid," in ji maƙwabciya. "Yaran mu duka yana magana well well."

Ina cikin kallon wannan ikon Allah, ban san akuyar maƙwabta ta turo ƙofar baya ba. Na juyo na gan ta, kai cikin faranti. Na kora, ta dube ni ta ci gaba. Akuyar Abuja ce, ba ta san kunya ba. Ban san lokacin da na faɗo tsakar gida ba.

"Umma, a… a… a…"

Nan take aka fara aikin da aka saba. Wannan ta ce ruwa nake so, waccan ta ce fitsari ne. Umma ta miƙe, fuskarta kamar an kama ta da kayan sata, tana cewa in koma ciki tana zuwa.

Malamar ta ɗaga hannu. "Don Allah, Hajiya, a bar ta. Ba inda za mu."

Ta durƙusa daidai tsayina, ta zuba mini ido, ba a baki ba, a cikin ido. Tsakar gidanmu ta yi tsit, abin da ko ranar rasuwa ban taɓa ji ba. Na yi ta kokawa, gumi na zuba, ba wanda ya taimake ni. Da ƙyar da siɗin goshi na fitar da shi: "Akuya tana cin cincin."

Kafin Umma ta isa ɗakin, har farantin an lashe. Ni kuwa daɗi ya cika ni, ban damu da cincin ba. Malamar ta ce ni take nema tun safe. Jin haka, sai in'ina ta ɓarke a layinmu. Maƙwabciya ta jawo mai jihohin nan ta ce, "Madam, wannan ma tana yi small small, yau ne kawai bai zo ba."

Ba a kai ni talabijin ba. Asibiti aka riƙa kai ni cikin gari duk Asabar, mu sha cunkoson motocin hanyar Nyanya mu je. Malamar ta koya mini in ja numfashi, in shiga kalma a hankali, in daina yaƙi da ita. In'inar ba ta tafi duka ba, har yau tana kawo mini ziyara. Amma aikin gida mafi wuya Umma aka ba: kada ta sake ƙarasa mini zance. Sai ta koma cusa gefen mayafinta a baki in na fara magana, idanunta kamar za su faɗo.

Wata rana da rana ta zuba mini tuwo da miyar kuɓewa, kamar kusan kullum. Na ce, "Umma," na tsaya. Ta ajiye ludayi, ta ciji mayafi. Tuwo ya huce, tana jira.

"Ba na son kuɓewa," na ce.

Ta saki mayafin ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, tana yi har hawaye suka zubo, daga nan ban ƙara gane ko dariyar ce ba. Ashe tun ina ƙarama wata tsohuwa ta ce mata santsin kuɓewa yana warware harshe.

"Ni ma ba na son ta, 'yar nan," in ji ta, tana share ido. "Don kada ki ci ke kaɗai ne."