Mun Saba da Jinkiri

Bazara ce, irin wadda tun hantsi mutum yake neman inuwa. A shekarar ruwa ya makara a kanal ɗin noman rani, masu gonaki can ƙarshen layi wajen Bunkure sun dasa tumatir suna kallonsa yana sunkuyar da kai. Duk wanda kika gaisa da shi, daga "ina gajiya" sai "an sako kuwa?" A wannan yanayi abin ya faru, kuma Asabar ɗin nan har yau ba ta bar raina ba. Na ce bari in rubuta muku, ku 'yan ɓangaren mata da kuka zo bayana.

Lokacin ina wata na biyu da kama aiki a ɗakin kiɗan Malam Nura a Kura. Gwaji ne na wata uku. Ya ɗauke ni ne don ina iya karanta takardar shiri, albarkacin ajin yaƙi da jahilci, kuma mazan unguwa sun yarda matansu su bi ni.

Aikin Malam, ga wadda ba ta sani ba, ga yadda yake. Yana zama da kwamfutarsa ta cinya a gaban jama'a. Sai ya buga kalangu kaɗan, kwamfuta ta kama, ta yi ta maimaitawa. A kan wannan ya ɗora tafi, ta kama. Ya ɗora murya, ta kama. Kafin ki ankara mutum ɗaya ya zama taron makaɗa. Mu mata Aku muke kiranta, don ba ta zaɓe. Abin da ta ji shi take faɗa, daidai ne ko kuskure, har sai an kashe ta.

Ƙungiyar manoman rani ta gayyace shi taronta a filin makaranta, sai ya ce yana son a ɗora lugude a kan kiɗan. Na samo mata takwas daga cikin masu gyaran shinkafa, babbarsu Goggo Dije, wadda take cilla taɓarya ta tafa sau biyu kafin ta cafe. Mazajensu suka ce sun yarda, amma ba a gaban maza ba. Don haka aka ajiye mu a farfajiyar wani sito bayan katangar filin, da turame huɗu, makirufo a gindin kowanne, da ƙaramar lasifika mai kawo mana kalangun Malam. Sauti yana tafiya tsakaninmu ta iska, ba waya. Ni nake riƙe da abin kunne, da ɗan akwati mai maɓalli ɗaya wanda in na danna Malam kaɗai yake jina.

Tun ranar farko ya gaya mini gaskiya.

"Maman Hafsa, in abin nan bai zauna ba, naɗar luguden zan yi in ajiye a kwamfuta. Ba sai an ɗebo kowa ba."

In babu mata a bayan katanga, babu mai kula da su. Na gane aikina yake nufi.

Ran Laraba muka fara gwaji, abu ya ƙi. Kalangu sai ya ɓata lokaci a hanya kafin ya iso mana, dakanmu ma ya ɓata nasa kafin ya koma. A farfajiya matan suna kan kiɗa daidai, amma a kunnena, inda nake jin abin da Aku take haɗawa, taɓare suna bin kalangu a baya kamar mai ɗingishi. Malam ya ce sunan abin jinkiri, kuma ana auna shi da ɗigon daƙiƙa, wai daƙiƙa ɗaya ake rabawa gida dubu. Ya wuni yana rage wata lamba. In ya rage da yawa sauti ya dinga tsartsatsi kamar mai a kasko, in ya ƙara jinkiri ya dawo.

Goggo Dije ta jingina taɓarya ta ce, "Shekara hamsin ina daka, yau akwati ne zai ce na makara?"

"Ba ke ba ce, Goggo, hanya ce."

"Hanyar nan da nake jin tarin Malam ta kan katanga?"

Ran Alhamis na zo da dabarata. Mijina mai ƙarshen layi ne, na san yadda yake yi: ba ya jira ya ga ruwa, tun ana cewa an buɗe can sama yake fasa bakin fangalinsa. Na tsaya a gaban turame na ce su bar sauraron lasifika, hannuna za su kalla. Ina jin kalangu a kunne, ina sauke hannu kafin ya sauka, da ɗan ƙiris. Da farko suka yi ta dariya, wai na mai da su masu amsa sallama kafin a yi. Zuwa la'asar abin ya shiga jikinsu, ko ban ɗaga hannu ba suna riga kalangu. A kunnena kuwa komai ya zauna cif.

Malam ya leƙo bakin sito fuskarsa a sake.

"Maman Hafsa, kin ji? Na samo lambar."

Na ce, "Madalla, Malam. Allah ya ƙara basira."

Me zan ce? Mutum ya yi karatunsa, ga abokansa biyu tsaye a bayansa, in buɗe baki in ce hannuna ne? A gidanmu ba a koya mini haka ba. Goggo ta kalle ni, na kalli turmi.

Shi ma ashe yana da nasa shirun. Sautin yana ɗan yankewa jefi-jefi, musamman in mutane sun taru da wayoyinsu. Ran Juma'a babu gwaji, ya tafi Kano ya ɗauko doguwar waya da sabon akwati. Asabar da safe ya ja wayar ta ƙarƙashin katanga, ya binne ta da ƙasa. Jinkiri ya tafi, sai abin da kunne ba ya kamawa. Bai gaya mana ba. Daga baya ya ce ya ga ba sai ya ɗaga wa iyaye mata hankali da zancen waya ba. Kun ga, ni na rufa masa asiri, shi ya tausaya mana.

Na dai lura akwatin ya canza, maɓalli biyu ne yanzu, launinsu ɗaya. Na so tambaya, amma baƙi sun fara isowa, har da manyan da ke kula da sakin ruwa, an ba su kujerun gaba.

Bayan jawabai aka ba Malam fili. Ya buga kalangu, Aku ta kama. Ya ce mini a kunne, "Bismillah." Mata suka sauke taɓare, kowace ta riga kalangu yadda na koya mata, ba wadda ta kuskure ko sau ɗaya. Aku ta kama wannan ma. Sai ga dakanmu yana gaba, kalangu yana binsa da gudu, an koma ɗingishi ta ɗaya ƙafar, kuma yana zagayowa yana dawowa. Malam ya goge, ya ce a sake. Muka sake, da ƙwarewa. Ya goge.

"Maman Hafsa, me yake faruwa a nan? Ku jira kiɗa mana."

Na ɗaga hannu ina nuna musu su dakata kaɗan. Ina. Abin da aka wuni ana dasawa a kafaɗa ba ya fita a minti ɗaya. Goggo ta ce, "Shekaranjiya ki ce mu riga, yau ki ce mu bi. Ke da Malam ku shirya tukuna."

A nan na hango sabuwar ƙasa a gindin katanga, da bakin waya ya leƙo. Na gane. Na ga aikina yana tafiya, na ga turame huɗu a cikin kwamfuta ba mai riƙe taɓarya. Na danna maɓalli, na yi magana a hankali yadda na saba:

"Malam, mun saba da jinkiri. Ka mayar mana da abinmu."

Maɓallin da na danna na Aku ne, kuma a daidai lokacin Malam ya buɗe ta yana jiran daka.

Ni ɗin da 'ya'yana suke cewa sai sun matso suke jin faɗana, sai ga muryata ta cika filin makaranta. Mun saba da jinkiri, ka mayar mana da abinmu. Kalangu ya zagayo, ta sake faɗa. Abin haushi, maganar ta hau kiɗan daidai, ita kaɗai ce abin da ya zauna a ranar.

Kowa ya ɗaga kai. Sai wani daga baya, cikin masu ƙarshen layi, ya amsa, "Mun saba." Zagaye na gaba mutum ashirin suka amsa. Na gaba kuma duk filin, suna tafi suna kallon kujerun gaba. An ce manyan baƙin ma sun yi murmushi, ɗaya har yana kaɗa kai, don ba yadda zai yi.

Malam ya kai hannu zai goge, ya ga jama'a, ya janye. A maimakon haka ya ƙara wa layinmu jinkiri da hannunsa, jinkirin da ya je har Kano don ya kashe. Ya ce a kunnena, murya ƙasa-ƙasa, "Na mayar. Ku daka." Muka daka, taɓare suka faɗa kan kalangu cif, Goggo ta cilla tata ta tafa sau uku.

Da aka tashi shugaban ƙungiya ya riƙe hannun Malam ya ce bai taɓa jin waƙar da ta faɗi damuwar manoma cikin ladabi irin wannan ba, yaushe ya tsara ta? Malam ya ce ai abin daga Allah ne. Da ya zo bakin sito kwasar kaya, ya tsaya nesa kaɗan.

"Ashe ba lambar ba ce."

"Lambar ma ta taimaka, Malam."

"Maman Hafsa, don Allah."

Na miƙa masa abin kunne. Ya ce akwai taro a Garun Mallam sati mai zuwa, sun ce lallai da matan nan da mai muryar nan. Maganar gwajin wata uku ba ta sake tasowa ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan jinkirin waya ana auna shi, ana rage shi, ana ma iya mayar da shi. Wanda ya kusa kashe mu na baki ne: ni na riƙe magana kwana biyu don kunya, shi ya riƙe tasa don tausayi. In kin gyara wani abu a ɓangarenki, ki faɗa, ko da abokansa suna tsaye. Kya iya faɗa a hankali.

Washegarin taron da safe na riga kowa zuwa. Na yanki farar takarda gida biyu, na liƙa a ƙarƙashin maɓallan nan, na zauna na rubuta da hannuna, baƙi bayan baƙi. Na hagu: MALAM KAƊAI. Na dama: DUK DUNIYA.